Malam Yahuza Mai-taku, Duba-garin da Ya Rufe Rijiyar Mahaifinsa

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Yahuza a shekarar 1956 a Nasarawan Doya ta ƙasar Makarfi. Mahaifinsa Malam Maiwada manomin rake ne, sunan mahaifiyarsa Atika. A shekarar haihuwarsa ne mahaifin ya haƙa rijiya a ƙofar gida, ya bar wa unguwa sadaka mai gudana, ruwanta ake sha, da shi ake alwala, ake yi wa mamata wanka. Bayan firamare a Makarfi da sakandare a Zariya, Yahuza ya shiga makarantar horar da malaman tsafta a Kano, ya kammala a 1979.

Aiki da Aure

A wannan shekara Ƙaramar Hukumar Ikara ta ɗauke shi aikin duba-gari, yana leƙa randuna da kwatami, yana duba naman mahauta kafin ya shiga kasuwa. Ba a taɓa shaidarsa da fasa randar talaka ba, sai dai ya tsaya a wanke ta a gabansa. Da ƙafa yake awo, ƙa'idarsa kuwa taku arba'in tsakanin masai da rijiya, har matan ƙauyen Janfalan suka laƙaba masa Mai-taku, sunan da ya bi shi har kabari. A 1982 ya auri Malama Ni'ima, mutuniyar Kudan.

Rufe Rijiya

A daminar 1991, bayan an mayar da shi Makarfi, amai da gudawa ya ɓulla a unguwarsu ya ci rai bakwai. Lokacin mahaifinsa ya shekara biyu da rasuwa. Malam Yahuza ya yi awonsa kamar yadda ya saba yi wa kowa, ya samu taku goma sha ɗaya kacal tsakanin rijiyar da sabon masai da yayansa Usmanu ya haƙa da iyali suka ƙaru. Ya maimaita awon sau uku, ƙafa ba ta canja magana ba. Da hannunsa ya rubuta takardar rufewa, yana hawaye aka zuba siminti.

Cutar ta lafa, amma Usmanu ya ce a bainar jama'a ƙaninsa ya yanke wa mahaifinsu lada a kabari, ya kuma rantse ba zai ƙara shan ruwa daga hannunsa ba. Wannan magana ta yi wa Malam Yahuza ciwo ƙwarai, amma bai fasa zuwa gidan Usmanu gaisuwar Juma'a ba, ko da yake a zaure ake sallamarsa.

Ritaya

An mayar da shi Kudan a 1997, inda ya kai muƙamin shugaban sashen tsafta, ya yi ritaya a 2014. Aikinsa na farko bayan ajiye kaki shi ne haƙa sabuwar rijiya a Nasarawan Doya, taku sittin daga kowane masai, da niyyar ladan ya isa ga mahaifinsa. Unguwa duka ta sha, ban da Usmanu.

Sai a 2021, da jinya ta kwantar da Malam Yahuza, Usmanu ya zo da ruwan sabuwar rijiyar a buta, ya nemi ƙaninsa ya zuba masa a moɗa ya miƙo masa. Ya shanye, sannan ya ce, “Ladan Baba bai taɓa yankewa ba, Yahuza, zumunci ne na yanke.” Washegari ya ciyar da miskinai goma, kaffarar rantsuwar shekara talatin.

Rasuwa

Allah Ya yi wa Malam Yahuza rasuwa ranar Talata, 9 ga Nuwamba 2021, yana da shekara sittin da biyar. Usmanu, duk da tsufansa, ya hana kowa taɓa guga, shi ya jawo ruwan wankan. An yi masa sutura bayan Azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya bar matarsa Ni'ima da 'ya'ya huɗu: Abdulsalami, Mukarrama, Ukasha da Lubna, wadda ta gaje shi a aikin tsafta. Ya bar kuma rijiyar da ya haƙa, Rijiyar Maiwada, wadda Usmanu ke share bakinta kowace safiya. Allah Ya jiƙansa da rahama.