Tsohuwa Mai Sayen Auduga da Hanci

A kasuwar Potiskum, can bayan 'yan hatsi, ga wata tsohuwa tana sayen auduga da hanci. Doguwa ce siririya, da tsagar Barebari a kumatu, ta yafa wani saƙi da wanki ya cinye wa baki. Yatsunta na dama fari fat suke da alli, irin na matan da suka daɗe suna kaɗi.

Tana tsugunawa gaban buhu, ta ɗebo, ta shinshina. Buhu biyu ta ture gefe, wai warin maganin feshi suke. Na ukun na wani manomi ne daga Mamudo, audugarsa ba ta kai sauran haske ba.

"Kaka, takin shanu kawai na sa, sai ruwan darbejiya saboda ƙwari," in ji shi.

"Hancina ya riga ka faɗa."

Mai yadi da ke kusa ya miƙo mata wani fari mai sheƙi. "Kaka, ki huta da kaɗi mana."

Ta murza shi, ta saki. "Leda ce wannan, ɗan nan. Ƙasa ba ta cin ta."

Ina tsaye kusa ina kallonta. Ina jin ta shekara hamsin tana tufatar da gidanta da mazari. Ban tambaye ta abin da za a saƙa mata ba. Na dai ji ta ce a auna mata ta zane biyar, daidai likkafanin mace, sannan ta ɗora kayanta a ka ta tafi.