Baba Audu da Masu Busa

Ina bakin kasuwar Souq Waqif a Doha ina jiran fasinja aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran Baba Audu a Kaduna, inda ya je hutu. Na yi salati, na yi kuka. Can kuma na ji ina murmushi, domin ba a tuna Baba Audu da fuska a murtuke.

Tsohon mai busa begila ne a badujalar 'yan sanda kafin ya zo Doha yana jan bas. Duk Juma'a bayan masallaci mu direbobi mukan taru a ɗakinmu na unguwar Al Muntazah mu ci tuwo, da sharaɗin sai mun saurari kaset ɗin wasu Amurkawa masu jita da busa. Ya san tarihinsu fiye da hanyar unguwar Ain Khaled. Wai da farko sunan hukumar motocin haya ta garinsu suka ɗauka, hukumar ta ce ba ta yarda ba, suka gutsure sunan. "Ka ga ashe 'yan'uwanmu ne, Sani," in ji shi.

Shekarar da Ɗanladi mai yi mana girki ya koma gida, ni na fara cewa khalas, shi ke nan, a watse. Alhali a garin nan in zaman Juma'a ya mutu, sai mutum ya yi wata bai ji Hausa ba. Baba Audu ya miƙo mini muciya, ya kawo mini misalin Amurkawan nan nasa.

"Mai jitarsu ya mutu, babban mawaƙinsu ya tafi, har an taɓa tura masu busa baya saboda waƙoƙin soyayya. Shekara kusan arba'in ke nan, ka ji sun watse? Masu busa suna nan. Yalla, ɗora tukunya."

Tuwona na ranar duk gudaji ne. Ya cinye nasa tas, ya ce shi ma ranar da ya fara busa karnukan bariki ne suka amsa masa.

Juma'ar da ta wuce na ji tsoron ba wanda zai zo, amma na ɗora tukunya. Ɗakin ya cika. Bayan addu'a, Malam Isa, wanda ya yi shekara biyar yana toshe kunne, shi ya tashi ya saka kaset ɗin.

Allah ya jiƙan Baba Audu, ya haskaka kabarinsa, ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Mu da ya bari da muciya, Allah ya riƙa mana zumuncin nan.