Ƙullin da Na Mance a Kan Rumfa

Ranar wata Asabar da hantsi, bayan an gama yankan gero, a shekarar da nake aji uku na firamare, kakata Iya ta shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar tsakar gidanmu a Kwandiko, ta zazzage jakar maganinta. Washegari za mu tafi Birnin Kudu sunan ɗan da Gwaggo Hanne, ƙanwar Baba, ta haifa, kuma Iya ba ta taɓa barin gari ko na kwana ɗaya ba sai da wannan jaka. Jakar fatar akuya ce da ta yi baƙi saboda tsufa da maiƙo. Da an kwance bakinta sai ƙamshin citta da tafarnuwa da hayaƙi ya cika wurin, har awaki su ɗaga kai. A lokacin yanar ido ta fara rufe idon Iya, don haka ni ce idonta, ni ce hannunta. In na miƙa mata abu sai ta shinshina, ta murza da yatsu, ta faɗi sunansa da aikinsa, ni kuma in ƙulla. Busasshen ganyen darbejiya da tazargade a jan tsumma, na zazzaɓi ne. Jar kanwa a farin tsumma, ta kumburin ciki. Citta da kanumfari da kimba na mura da tari. Ga zuma a 'yar kwalba da aka toshe da totuwa, ga man kaɗanya a gwangwanin madara saboda ƙuna da faso, ga ɗan curin man shanu da wata Bafulatana ta kawo mata. "Ruwan birni daban yake da namu," in ji ta, "cikin yaro ba ya karɓarsa da wuri."

Ina alfahari da wannan aiki fiye da duk ayyukan gida. Ɗiban ruwa a rijiya, surfe, tsinkar zogale, kora awaki bayan gari, kalar gyaɗa a gonar Baba, duk 'yan matan unguwa suna yi. Amma ni kaɗai nake bin Iya daji da sassafe riƙe da sandarta, tana nuna mini sabara da marke da bagaruwa, tana koya mini ɓangaren da ake sassaƙa a jikin itace don kada a kashe shi. Matan gari suna zuwa wurinta da yaransu a goye, kuma da yawa sun dawo da godiya. Ban taɓa ganin ta mayar da kowa ba. A idona na 'yar shekara tara, babu ciwon da ya fi ƙarfin jakar Iya.

Ƙanena Mudi yana da shekara ɗaya da rabi a lokacin. Ni ce 'yar fari, shi ne mai bi mini da ya rayu, don haka a bayana ya girma. Yana fitar da haƙori, duk abin da ya samu sai baki: gefen zanena, kara, igiyar guga. Sunana Ladidi ya fi ƙarfin harshensa, sai ya riƙa cewa "Didi". Saboda shi ne Iya ta daka bagaruwa da wani sassaƙe tun da safe, maganin gudawar haƙori. Garin bai gama bushewa ba, sai ta sa na baza shi a faifai na ɗora a kan rumfar madafi inda awaki ba za su kai ba. Ta ce, "In rana ta yi sanyi ki sauke, ki ƙulla a baƙin tsumma. Wannan na Mudi ne." Na ce to.

Bayan azahar ƙawayena Kande da Asabe suka shigo da duwatsun carafke. Muka zauna a bakin zaure muna ta yi, ranar hannuna ya faɗa, ina ta cinye su, suna cewa a sake. Daga nan Inna ta aiko a kira ni kitso, daga kitso aka sa mini lalle a hannu da ƙafa aka ɗaure da ganye, aka ce kada in taɓa komai. Kaina ya cika da sabon zanen da zan ɗaura da motar da zan shiga. Faifan nan bai sake faɗo mini a rai ba.

Da safe babura biyu suka kai mu Gwaram, muka shiga ƙaramar bas da aka cusa mu tare da buhunan wake da kaji. Iya ta rungume jakarta a cinya, Mudi yana cinyar Inna yana miƙo hannu yana jan kitsona. A ranar na fara ganin manyan duwatsun Birnin Kudu, na fara ganin ruwa yana zuba daga famfo ba tare da an ja guga ba. Gidan Gwaggo Hanne ya cika da baƙi, ana ta girki, an jera buhun shinkafa da na sukari da gishiri a ɗakin ajiya, ragon suna yana ɗaure a ƙofar gida.

Kwana ɗaya da zuwanmu Mudi ya fara gudawa, zuwa rana tsaka amai ya biyo. Iya ba ta damu ba. Ta ce in ɗauko jaka. Na kwance, tana laluba ƙullin ɗaya bayan ɗaya tana shinshinawa tana ajiyewa, har ta kai ƙarshe, ta kife jakar ta kakkaɓe. Sai a lokacin na tuna. Ta juyo da fuskarta inda nake. "Ladidi, ina baƙin tsumma?" Na ce na mance shi a kan rumfa. Iya ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga hannu ba, ta ce kawai a je kasuwa a nemo bagaruwa. Da aka kawo ta murza, ta ce wannan ta kwana biyu, ƙarfinta ya tafi, kuma babu sassaƙen da ake haɗawa da ita. Duk da haka aka jiƙa aka ɗura masa, ya mayar da ita nan take.

Mijin Gwaggo Hanne, Malam Sale, malamin makaranta ne. Da yamma ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya ce, "Iya, asibiti ba nisa, da ƙafa ma ana zuwa. A bar ni in kai shi a duba." Iya ta ce ita ta raini 'ya'ya bakwai da jikoki, ba ta taɓa jin an kai haƙori asibiti ba, kuma ba za a je a tsira wa jariri allura a ka ba alhali gobe suna, gida cike da mutane. Malam Sale suruki ne, bai iya ƙarawa ba. Ya dubi Baba. Baba yana tsaye a gefe yana kallon ƙasa, don bai taɓa musa wa mahaifiyarsa ba ko a kan abin da bai kai wannan ba. Inna kuwa tana zaune da yaron a cinya, kunya ta ɗaure mata baki. A gidanmu ba a san mace ta nuna zumuɗin ɗanta a gaban uwar miji ba.

Aka yi suna. Aka yanka rago, aka raba goro, mata suka yi ta shige da fice. Ni ban fita ba, ina zaune kusa da Mudi ina kore masa ƙuda. Ya daina kuka, abin da ya sa wasu suka ce sauƙi ne ya fara samuwa. Amma idonsa ya faɗa ciki, maɗigarsa ta lotsa, leɓensa ya bushe ya tsattsage. Na kira shi, na sa yatsana a hannunsa, bai damƙe ba. Sai bayan azahar, da baƙi suka ragu, Inna ta miƙe ba ta ce wa kowa komai ba, ta goya shi ta nufi ƙofa. Malam Sale ya bi ta, Baba ya bi bayansu. An ce a asibiti sun yi ta neman jijiyar da za su sa masa ƙarin ruwa. Kafin la'asar suka dawo, Baba yana ɗauke da shi a naɗe cikin zanen goyon. A Birnin Kudu aka binne shi.

Da muka koma Kwandiko, abin da na fara kalla shi ne rumfar madafi. Faifan yana nan inda na ajiye shi, kaji sun hau sun watsar da garin. Mata suka cika gida da gaisuwa, kowacce ta zo sai ta tambayi yadda aka yi, Iya kuma amsarta ɗaya ce: "Kwana ne ya ƙare. Amma da an tafi da maganin da na haɗa, da ban ce komai ba." Ba ta ambaci sunana ba, ba ta kuma bukatar ambata, don kowa ya san mai ƙulla mata magani. Na ga yadda idanu suke juyowa kaina su kauce. Ba a yi mako biyu ba yaran makaranta suka laƙaba mini Mantau. Wata rana a wurin ɗiban ruwa muka yi cacar baki da Kande a kan guga, ta ce, "Ke da kika mance da ƙanenki ya mutu." Na bar tuluna a bakin rijiya na tafi gida.

Babu wanda ya doke ni a kan wannan abu, kuma da an doke ni da ya fi mini sauƙi, don duka yana ƙarewa. Iya ta daina kirana daji, ta koma kiran 'yar kawuna. Na daina carafke. Na zama yarinyar da ke komawa ɗaki sau uku ta duba ko ta rufe tukunya. Inna ba ta ce mini komai ba. Ni 'yar fari ce, ko sunana ba ta faɗa, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Na ɗauki shirunta a matsayin hukunci.

Shekara uku ina ɗauke da wannan, sai ranar da muke aji shida malaminmu ya shigo da kwano da cokali da kwalbar ruwa. Ya koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari. Ya ce yawancin yaran da gudawa take kashewa, ƙarewar ruwan jiki ce take kashe su, kuma in aka riƙa ba yaro wannan kaɗan-kaɗan aka garzaya da shi asibiti da wuri, da yardar Allah sai ya tashi. Ya lissafa alamun hatsari: ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa, yaro ya daina kuka. 'Yan aji suna ta dariya suna rububin ɗanɗanawa, ni kuwa ina ganin ɗakin ajiyar Gwaggo Hanne, buhun sukari da gishiri a jere, bango ɗaya ne tsakaninsu da inda Mudi yake kwance. Da na koma gida na sami Baba yana gyaran fartanya, na faɗa masa abin da aka koya mana. Ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce, "Kada in sake jin wannan magana a bakinki. Iya tana da rai."

Iya ta rasu ina makarantar sakandare, ba ta taɓa janye maganarta ba. Sai da na yi aure na haifi 'yata ta fari, Inna ta zo Gwaram zaman jego, muna mu biyu a ɗaki tana shafa wa jaririyar man kaɗanya, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Tun a ranar na san ba ke ba ce." Na tambaye ta me ya hana ta faɗa. Ta ci gaba da shafa man, can ta ce, "In na ce ba ke ba ce, wa zan ce? Kakarki, ko ubanki, ko ni da na zauna da shi a cinya kwana biyu?" Na gane cewa manya uku ne suka ga kaya ya yi musu nauyi, suka ɗora wa wadda ba za ta iya musu ba.

Yanzu ni ma ina da jakata, ta yadi mai zif, kuma ba na tafiya da yara ba tare da ita ba. Ban watsar da abin da Iya ta koya mini ba. Ina sa zuma da citta da kanumfari da man kaɗanya, don na ga amfaninsu da idona. Amma a samansu akwai 'yan ledojin gishiri da sukari na kemis, kuma duk garin da muka sauka, kafin in tambayi ina kasuwa sai na tambayi ina asibiti. Wani lokaci in na buɗe jakar ƙamshin citta ya bugi hancina, nakan yi kewar tsohuwar nan da safiyoyin da muka yi a daji, sai kuma in tuna ban san ko a wane gefen makabartar Birnin Kudu ƙanena yake ba.

Babbar 'yata ta kai shekara tara bana. Duk sanda nake shirya jakar sai ta zo ta tsuguna ta ce, "Umma, kawo in taya ki." Nakan ce ta je ta yi wasanta. Tana tafiya tana tura baki, tana ganin ban yarda da hankalinta ba ne. Na bar ta a haka. Gara ta yi fushi da ni na yini guda da ta girma da abin da na girma da shi.