Kujerar da Baba Kafinta Ya Gyara

Yatsu biyu na hannun hagun Baba Kafinta ba sa lanƙwashewa. Duk wanda ya gani sai ya ɗauka aikin zarto ne ko guduma, tunda ya shekara arba'in yana fama da katako. Ƙofa ce ta yi masa haka, ƙofar da shi ya kafa da hannunsa.

Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin kafinta a wata makarantar sakandare ta gwamnati. Shagonsa wani tsohon sito ne a bayan tankin ruwa, cike da benci marasa ƙafa da ƙyauren tagogi. Hukumar ilimi ta gunduma ce ta ɗauke shi, ita ce kuma ta ba shi ɗaki biyu a gidajen ma'aikata, bayan filin ƙwallo. A nan matarsa ta haifi 'ya'yansu biyar, a nan take ɗinki da kekenta. Gidan da aikin tare suke tafiya. Ranar da ka bar makarantar, sati biyu ake ba ka ka kwashe komatsanka.

A wurin kawunsa ya koyi sana'a, kuma daga wurinsa ya ɗauko wata ɗabi'a da bai taɓa bari ba. Duk kujerar da ya gyara, sai ya hau kanta da ƙafafunsa biyu ya yi tsalle sau uku. Ga shi mutum ne mai jiki. In ta jure, sai ya kife ta ya rubuta kwanan wata a ƙasanta da fensirin da ke maƙale a kunnensa. Malamai kan tsokane shi in sun wuce.

"Baba, yau ma rawar ake yi?"

"Rawar da ke hana ka zubewa a gaban ɗalibai ce, ɗana. Wuce ka ba ni wuri."

Shugabannin makaranta bakwai ya gani. Na bakwai shi ne wanda ma'aikata ke kira Tsawa in ya ba da baya. Canjin wurin aiki aka yi masa daga wata makaranta, can ɗin ma daga wata aka kai shi, kuma kowa ya san dalili. A gundumar ba a korar shugaba, sai dai a matsar da shi gaba. Akwai kuma ƙa'ida tun da daɗewa: duk takardar da ma'aikaci zai aika wa hukuma, dole ta bi ta hannun shugaban makarantarsa, ya sa hannu ya buga hatimi. Wato in kana da ƙorafi a kan Tsawa, teburin Tsawa za ka kai shi.

A watansa na farko ya sharara wa mai gadi mari don ya yi jinkirin buɗe ƙofa. Kafin hutu ya jefi mai buga takardu da tarin makullai, ya fasa mata gira. Ɗinki huɗu aka yi mata, ta ce wa mijinta da kabad ta yi karo. Ma'aikata suka koyi gane ranarsu daga yadda ya rufe murfin motarsa da safe. In ya buga da ƙarfi, ɗakin malamai kan yi tsit kamar an yi mutuwa. Mataimakinsa kuwa magana ɗaya gare shi: "A yi haƙuri, zuciya ce kawai. Ba ku ga yadda yara ke cin jarrabawa ba?"

A shekara ta biyu abin ya zo kan Baba. Yana durƙushe yana gyara ƙofar ofis, Tsawa na waya, ƙarar guduma ta dame shi.

"Kai tsoho, tashi ka ba ni wuri!"

"Ranka ya daɗe, ƙusa biyu suka rage."

Tsawa ya taso ya tokari ƙofar da ƙafa, hannun Baba na cikin tsagarta. Mai shara ta ce daga ajin ƙarshe ta ji ihun. Farce ɗaya a jikin katakon aka ɓamɓaro shi. A takarda aka rubuta hatsarin wurin aiki, Baba ya dangwala da hannun dama.

"Malam, shiru za ka yi?" in ji matarsa tana wanke masa ciwon.

"In na yi magana, ina za mu kai yara da kekenki?"

Da yake ba ni labarin bai nemi ya wanke kansa ba. "Tsoro na ji," in ji shi. "Haka za ka rubuta."

Bayan shekara ɗaya aka kawo sabon malamin lissafi, wani siririn saurayi da ɗalibai suka raɗa wa Dogo. Ranar da Tsawa ya shaƙe shi a gaban 'yan aji don bai miƙe da wuri ba, Dogo ya zauna ya rubuta wa hukuma ƙorafi shafi uku, har da zancen girar mai buga takardu. Yaro ne mai bin ƙa'ida. Ya kai takardar ofishin shugaba don a buga mata hatimi.

Ranar Talata ce, lokacin tara. Tsawa ya sa aka kira shi, ya murza makulli. Baba na waje yana sa gilashin tagar ajin da ke kusa. Ya ji katako ya sauka a kan mutum. Kafinta ya san wannan ƙarar, ba irin ta katako a kan siminti ba ce. Ya ji ta biyu. A ta uku katakon ya tsage. Mai buga takardu ta toshe kunnuwanta tana salati. Malamai huɗu suna tsaye a baranda, babu wanda ya taɓa ƙofar, har da Baba.

Da aka buɗe, da rarrafe Dogo ya fito. Muƙamuƙinsa ya goce gefe, jini na bin kunnensa, rigarsa ta rine. Haƙora biyu mai shara ta tsinta a ƙarƙashin tebur da aka sa ta goge wurin. Mataimaki ya saka shi a mota ya kai shi asibiti, aka ɗaure masa baki da waya, aka ce zai yi wata biyu bai yi magana ba.

Kashegari rahoto ya tafi hukuma da hatiminsa. An ce Dogo ya taka kujera ne zai gyara agogon bango, kujerar ta karye saboda rashin ingancin gyaran kafinta, ya faɗa a kan bakin tebur. Da maganar ta mutu a nan, ba don yayar Dogo ba. Ita ba ma'aikaciyar makaranta ba ce, ba ruwanta da hatimin kowa. Ta je ofishin hukuma da rigar ƙanenta a leda, ta shimfiɗa ta a kan teburin darakta, ta ce ba inda za ta je. Aka kafa kwamiti na mutum uku.

Mataimaki da kansa ya kawo wa Baba karyayyar kujerar har shago, da takarda a hannu.

"Baba, sa hannu a nan, cewa gyaranka ne bai yi ba. Takardar gargaɗi ce kawai za a ba ka, ba wanda zai taɓa aikinka. Ita kuma wannan ka farfasa ta a hura wuta."

Baba ya kife kujerar. Ga rubutunsa, kwana tara da suka wuce. Ya bi mahaɗanta huɗu da yatsa, duk suna nan daram, ko gam bai saki ba.

"Yallaɓai, wannan ba a ƙarƙashin mutum ta karye ba."

"Ni ba darasin katako na zo ɗauka ba. Ka dai san gidan nan ba na gado ba ne."

"Na sani, ɗana. Ni ubana ko bukka bai bar mini ba."

Da ya koma gida cin abincin rana ya faɗa wa matarsa. Ta ci gaba da taka keke. Washegari da ya dawo ya tarar ta sauke labule ta ɗaure tukwane a buhu.

"Ke, mene ne haka?"

"Yatsunka ka ba shi kyauta, ban ce komai ba. Yanzu sunanka yake so. Na fara ɗaure kaya ne don kada ka ce saboda ni ka yi shiru."

A ɗakin karatu kwamitin ya zauna, wata dattijuwa mai tabarau ce shugaba. Tsawa na zaune a gefe, kamar yadda aka saba, yana kallon duk wanda ya shigo. Ma'aikata goma sha huɗu suka ba da shaida, goma sha huɗun suka ce ba su ga komai ba. Aka kira Baba a ƙarshe, don takardarsa kaɗai ce ba sa hannu.

Ya shigo da kujeru uku: karyayyar, da wasu biyu irinta sak. Ya hau ɗaya ya yi tsalle sau uku. Ya dubi wani ƙaton mutum a cikin 'yan kwamitin.

"Ranka ya daɗe, ka fi ni albarkar jiki. Ko za ka taimaka?"

Aka yi 'yar dariya. Mutumin ya hau, kujera ko ƙara ba ta yi ba.

"Hajiya," in ji Baba, "kujerar da nauyi ya fi ƙarfinta, a mahaɗa take saki, ƙafafu su baje. Duba wannan. Mahaɗa lafiya lau. Ƙafar baya ce ta tsage a tsakiya. Bari in nuna miki abin da ke kawo haka."

Ya kama ta ukun ta wurin jingina, ya ɗaga sama, ya maka wa ginshiƙin ɗakin. Ya sake. A na uku ƙafar baya ta tsage, guntun ya yi tsalle ya faɗi gaban Tsawa. Baba ya jera kujerun biyu a kan tebur. Karayar wuri ɗaya ce, tsagar ma hanya ɗaya ta bi.

"Sau uku na ji a ranar," in ji shi. "Ina bakin taga. Ban shiga ba."

Tsawa ya sunkuya ya ɗauki guntun. "Ni za ka tozarta, matsiyacin tsoho?" Kafin kowa ya motsa ya kai wa Baba duka a ka. Baba ya tare da hannun hagu, ƙashin ya ba da ƙara. Na biyu ya same shi a goshi, jini ya fantsama har kan takardun dattijuwar. Mai gadi ne ya fara rungumo Tsawa ta baya, wanda aka taɓa mara ɗin, sannan malamai biyu suka danne shi a ƙasa yana zage-zage. Ana cikin haka mai buga takardu ta matso gaban tebur, ta ja ɗankwalinta baya, ta nuna girarta.

"Hajiya, a sake rubuta tawa. Ba kabad ba ne."

Mutum tara suka canza shaidarsu a ranar.

An dakatar da Tsawa a satin, bayan wata goma sha ɗaya aka kore shi. Tsofaffin ma'aikatan hukumar sun ce ba su taɓa ganin an kori shugaban makaranta ba sai shi. Shari'ar Dogo na kotu har yanzu. Yana koyarwa a wata makaranta, maganarsa ba ta fita sosai. Ƙa'idar hatimi tana nan yadda take. Mataimaki ne ya zama shugaba.

Shi ne kuma ya rubuta cewa zaman Baba a makarantar na tayar da hankalin ma'aikata. Ba a kori Baba ba, an mayar da shi babban siton hukuma inda ake jibge karyayyun kayan makarantu. Wurin ba shi da gidan ma'aikata. Sati biyu aka ba su. Yanzu haya suke a bayan tashar mota, ɗaki ɗaya da rumfa, keken ɗinkin yana rumfar an lulluɓe shi da leda saboda yoyo.

A siton na same shi. Hannun hagun ba ya ɗaga guduma yanzu, sai dai riƙe ƙusa. Duk kujerar da aka kawo akwai sunan makarantarta da fenti a baya, wasu sun shekara goma a jibge. Ya ja ni wani lungu inda ya jera guda biyar a jikin bango, daga makarantu biyun da Tsawa ya riƙe kafin tasu. Mahaɗansu lafiya lau, ƙafar baya a tsage. Ya ce ya faɗa wa mai kula da siton, shi kuma ya ce ya rubuto a takarda, zai buga hatimi ya tura.

Bai rubuta ba tukuna. Bai kuma gyara su ba.