Mai Kwalba na Gindin Madatsa

Kullum da sassafe za ka hango shi a kan bangon madatsa, sanda a hannu, aljihun rigarsa ya rinjaya gefe guda saboda nauyin kwalba. Madatsar ba ta gwamnati ba ce. Bangon ƙasa ne da wani manomi ya tara don tare ruwan gonarsa, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan wannan dattijo yana gadinta. Yakan bi saman bango yana zungurar ramukan gafiya, yana tumɓuke duk tsiron bishiyar da ya leƙo tun saiwarsa ba ta nutsa ba. Sai ya gangara gindi, inda ruwa ke tsattsafowa ta cikin ciyawa, ya cika kwalbar, ya ɗaga ta sama ya ƙura mata ido, ya ajiye a kan dutse ya zauna jira.

Wannan zaman ne ya jawo masa suna Mai Kwalba. Masu wucewa kan ce, "Likita, yaya mai jiki?" Shi kuwa ya amsa, "Da sauƙi, gumi kawai take yi." Matarsa ma ta gaji, don ba ta isa ta wanke kwalbar zuma ta kife a kicin ta dawo ta same ta ba. Amma karatun nasa ba wasa ba ne. In ruwan ya fito garau, gumi ne, kowace madatsar ƙasa tana yi. In laka ta kwanta a gindin kwalba, to jikinta ne ruwa ke kwasowa daga ciki. A ƙasan bangon nan kuwa akwai gidaje goma sha ɗaya da makarantar firamare.

Bayan rasuwar mai gona, ɗansa ya gaji wurin. Mutum ne mai zafin nema, ba mugu ba, sai dai kunnensa ya fi jin ƙarar tarakta. Wata damina ya sa aka jera buhunan yashi a mafitar da ruwa ke malala in madatsa ta cika, wai ya tara na noman rani. Ruwa ya hau inda bai taɓa hawa ba. Kwana tara bayan haka, kwalba ta kwantar da jar laka mai kaurin farce.

Mai Kwalba ya tarar da sabon mai gonar a rumfar tarakta, ya miƙa masa kwalbar.

"Ranka ya daɗe, wannan ba gumi ba ne. A kwashe buhunan nan yau."

"Haba Baba! Kwalbar zumar Inna ta gidanka ce za ta hana ni noman rani?"

"Kwalba ba ta san kowa ba. Abin da ta gani ta faɗa."

"To ji nan. Ka taɓa buhu ɗaya, ka ajiye mini makulli."

Dattijon ya san abin da ajiye makulli ke nufi ga mai shekarunsa. Duk da haka ya gangara makaranta, ya ce wa shugabar malamai, "Malama, kwashe yaran nan ki hau tudu da su, kada ki tsaya tambayata." Ya bi gidaje ɗaya bayan ɗaya yana cewa su ma su hau tudu. Daga nan ya hau mafita ya farke buhunan da wuƙa, ya buɗe ƙarfen bututun sakin ruwa har ƙarshe. Da azahar ya ajiye makulli da kwalba a kan teburin mai gona, ya tafi gida.

Shugabar malamai ce ta dage sai da aka kira injiniya. Da aka tona inda dattijon ya nuna da sandarsa, sai ga rami mai kaurin cinya, ruwa ya bi wata ruɓaɓɓiyar saiwa ya ci fiye da rabin bango. Injiniyan ya tsuguna ya duba ramin, ya tambaya, "Da wace na'ura kuka gano wannan?" Aka nuna masa kwalba. A makon ne kuma aka tafka ruwan da ya fi na duk shekarar, madatsa ta tsaya, yara suka koma aji.

Mai gona ya tako da ƙafa har ƙofar gida, makulli a tafin hannu. "Baba, na yi wauta." Dattijon ya karɓa ya ce, "Ka zo mini da kwalbata?" Bai zo da ita ba, kuma har yau bai mayar ba.

Mai Kwalba, kai ne mai gadin da aka yi wa dariya shekara da shekaru bai fasa tsugunawa ba. Kai ne ka zaɓi rasa abincinka a kan ka ga laka ka ce gumi ne. Abin da ke ba ni haushi shi ne, irin aikinka in ya yi kyau ba a ganin komai. Ba gawa, ba kuka, ba labari a rediyo, don haka ba a gode.

To mu mun gode. A wannan watan gwiwa ta tilasta masa ajiye sanda, Allah ya ba shi lafiya da hutu mai daɗi. Duk mai madatsa, komai ƙanƙantarta, ya kira masana su duba ta, ya bar mafita a buɗe, ya saurari mai zagaya ta da ƙafa. Wanda ya raina wannan shawara ya je gindin bangon nan gobe da sassafe. Zai tarar da mai gona da kansa a tsugune cikin ciyawa, ya ɗaga kwalbar zuma sama, yana jiran abin da za ta ce.