Birkin Gwaggo

Taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar babanmu, direban motar haya ne a hanyar Buza zuwa Madawa. Duk wanda ya taɓa shiga motarsa a shekarun baya zai shaida masa abu biyu: ya iya tuƙi, kuma ba ya jin magana. Tare muka tashi, katanga ce kawai tsakanin gidanmu da nasu. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana kirana hawainiya saboda sanyin jikina. Ban taɓa jin haushi ba, don bai yi ƙarya ba. Ni ma na yi tuƙi wasu shekaru a wani furoje na gyaran ƙasa a wajen Keita, ina da babban permi, wato lasisin tuƙi, irin nasa, amma da aikin ya ƙare sai na jefa permin cikin akwati na koma gonata.

A tasharmu ƙa'idar ɗaya ce: motar da ta riga shigowa ita ke riga yin lodi. Wanda ya zo ƙarshe sai ya jira abin da aka bari, wani lokaci ma ya kwana bai tashi ba. Saboda haka hanyar ta zama filin tsere, kowane direba idonsa na kan motar da ke gabansa. A wannan tseren ba a cika kayar da taubashina ba. Ya san kowane rami da kowace kwana, ya san inda yashi ke cin taya bayan ruwa. Ina alfahari da shi, ko da ban taɓa faɗa masa ba, don taubashi ba ya yabon taubashi a gaban idonsa.

Gwaggo tana yawan zuwa Madawa wajen 'yarta da ke aure can. Ba ya yarda ta zauna baya, kujerar gaba ce tata ko da wane mai kuɗi ne ya riga ta. Da ta shiga sai ta ja mayafi, ta fito da carbi, ta runtse ido, ba ta ƙara cewa uffan sai an isa. Shi kuwa ya ɗauki abin a tsananin ibada, har yana fariya a tasha cewa babu motar da ake yi wa addu'a kamar tasa. Abu ɗaya ne ke ba shi haushi a motar: robar nan da ake shimfiɗawa a ƙasa, wadda muke ce wa tapi. A gefen fasinja na gaba kullum sai ta huje a wuri ɗaya, can inda ƙafar dama ke sauka. Ya canza ta ya fi a ƙirga, yana zagin masu sayar da ita, wai roba ta lalace a duniya.

Ranar da abin ya faru ba na cikin motar, amma na ji labarin daga bakinsa, kuma bai rage komai ba don ya wanke kansa. Farkon damina ne, suna dawowa daga kasuwar Madawa, shi da wani direba abokin tserensa. A wata kwana da ke gangaren dutse, inda ba ka ganin abin da ke tahowa, ya fita don ya wuce abokin. Sai ga wani tsoho da amalanken jaki cike da buhunan albasa. Ya kauce iyakar iyawarsa, da wani direban ne da ya hau kansu, amma gefen motar ya taɓa amalanken ta kife. Tsohon ya gurje hannu da ƙafa, jakin kuwa ya karye. Motar jandarma tana bayansu, sun ga komai da idonsu.

Aka rubuta masa takardar tuƙin ganganci, ya biya tara, aka karɓe permi aka tura ofis a Madawa. Hukuncin da ya fito shi ne ya ajiye tuƙi wata uku, kuma in aka kama shi da sitiyari kafin lokacin, permin ya tafi ke nan. Mutanen tasha sun so a je a ba da haƙuri ta hanyar da aka saba, ya ce a bari. Abin da ya yi shi ne ya sayi jaki ya kai wa tsohon har ƙauyensu, ni na raka shi.

Tsohon yana zaune gindin bishiyar bedi, hannu a naɗe. Ya dubi jakin, ya dubi taubashina, ya ce, “Ɗana, ni ban kai ƙararka ba, kuma ba ni kai ta. Mi sunka ce maka?”

“Sun ce in aje tuƙi wata ukku, Baba.”

“To ka aje. Shi ɗai nika so gare ka.”

Taubashina ya ce ya ji. A hanyarmu ta komawa, da muka kusa gida, sai ya ce, “Hawainiya, ka hiddo permin nan naka, in asu ba su cinye shi ba.”

Haka na zama direban motarsa, shi kuma ya zama karen motar kansa. Shi ke hawa sama ya ɗaure kaya, shi ke kiran fasinja, shi ke sa dutse bayan taya in mun tsaya a gangare. In Gwaggo ba ta cikin tafiyar sai ya zauna kujerar gaba kusa da ni. Akwai dabarar da kowa ya sani, kuma ba wanda ke ganinta a laifi: mai permi ya riƙe sitiyari har a wuce shingen jandarma, da an ɓace musu sai a yi musayar kujera. Duk tasha ta ɗauka abin da za mu yi ke nan, ni ma haka na ɗauka. Ranar farko, da muka wuce shingen, na rage gudu na fara neman inda zan tsaya.

Ya ce, “Mi kaka nema?”

Na ce, “Wurin da za ka amshi abinka.”

“Tahi, malam. Tsohon nan bai ce in aje gaban jandarma ɗai ba.”

Ba ƙaramin abu ya ɗauka wa kansa ba. Ni tuƙina na furoje ne, inda ake lissafa lafiyar mota kafin lokaci. Kullum mu ne na ƙarshe a tasha. Lodi ya yi wuya, wasu ranaku mu dawo rabin kujeru babu kowa. Ga damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, gidansu kuwa da motar nan ake ci, shi da iyalinsa da Gwaggo. Na ga tuwonsu ya rage, na ga an daina ganin nama a miya, kuma na san ya fi ni gani. Fasinjoji ma ba su raga mini ba. Wata mai sayar da tabarmi ta taɓa leƙowa daga baya ta ce, “Bawan Allah, ka ba mai mota motatai shi kai mu, kasuwa na watsewa.” In mun shiga tasha direbobi su tarbe mu da, “Sannunku da zuwa, mun aza kun kwan hanya.” Mutumin da bakinsa ya fi na kowa kaifi a tashar nan sai ya yi dariya kawai ya hau sauke kaya.

Ni kaɗai ne nake shan bakinsa. Yana zaune kusa da ni ƙafarsa na motsi, yana neman totur a inda babu. Yakan ce in duba madubi, wai ga wata tsohuwa da tulu tana neman hanya ta wuce mu. Ni kuma in ce bawa ba ya koya wa ubangidansa tafiya. Da wannan muke cinye hanyar.

Ranar da ba na mantawa ita ce ranar ƙorama. An yi ruwa mai yawa a duwatsun wajen Keita, ruwan ya gangaro ya cika mashigin da hanya ke ratsawa. Muka tsaya tun hantsi tare da wasu motoci muna jira ya ja. Da ya ragu, sauran direbobi suka shiga ɗaya bayan ɗaya suka haye. Ni na dubi ruwan, ja wur yana gudu, na kasa shiga. Ban taɓa ratsa irinsa da mutane a bayana ba. Fasinjoji suka taso wa taubashina gaba ɗaya. Wani dattijo mai rawani ya ce, “Nan wa ka ganinka? Ka haye da mu ɗai, ka maida mishi.” Babu jandarma ko a mafarki, kuma tsallaken bai fi jifan dutse ba. Ni har na buɗe ƙofa zan sauka.

Taubashina ya tura ƙofar ya rufe ta. Ya cire takalmansa ya miƙa wa dattijon, ya naɗe wando har cinya, ya tsinko wani reshe, ya shiga ruwan. Yana tafe yana soka reshen, yana neman inda ƙasa ke da ƙarfi, ruwan na dukansa har gwiwa. Da ya kai tsakiya ya juyo ya fuskance ni, ya ce, “Sa giya ta ɗaya. Kak ka dubi ruwa, ni za ka duba. In ka ɗaga ƙahwa na kashe ka.” Ya dinga ja da baya yana kirana da hannu, ina binsa, har tayoyin gaba suka kama tudu. Da muka haye ya shigo jiƙe sharkaf, ƙaya ta yanke shi a tafin ƙafa. Ba wanda ya ƙara maganar sitiyari a motar ranar nan. Na san ya iya tuƙi tun da daɗewa, amma ranar ce na ji girmansa ya cika mini ido, har na kasa tsokanarsa sai washegari.

Da wa'adin ya cika, motarmu tana gareji ana gyaran ƙafafunta, sai ya shiga motar abokin tserensa ya je Madawa karɓo permi. Don girmamawa aka ba shi kujerar gaba, zuwa da dawowa. Tun da ya fara tuƙi bai taɓa zama fasinjan direba irinsa ba. Ya dawo bayan la'asar, permi a aljihu, amma babu murnar da na zata. Na same shi ƙofar gida, an kawo motar, yana zaune a kujerar fasinja ƙofa a buɗe, ya zuba wa tapi ido.

Ya ce, “Tun daga Madawa nika taka birki, babu birki.”

Na duba ƙasa. Ƙafarsa ta dama tana cikin ramin nan na tapi, ta zauna daidai kamar an auna. Ya aika aka kira Gwaggo. Ta fito tana gyara mayafi, ya nuna mata.

“Inna, wanga rami, mi ka cin shi?”

Ta leƙa, ta ce, “Ƙahwata ta. Da ta matarka, da ta duk wanda Allah Ya zamnar nan. Kai kana da birki wajenka, mu wanga ag gare mu.”

“Shekara da shekaru, Inna, ba ki hwaɗa mini ba?”

“Na hwaɗa. Kac ce in ƙara addu'a.”

Ta juya ta koma cikin gida abinta, tukunyarta na kan wuta. Na so in yi dariya, don maganar ta isa dariya, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Washegari mai gareji ya kawo sabon tapi, taubashina ya ce a mayar, wannan ɗin za a bari.

Tafiyarsa ta farko da permi a hannu ranar kasuwar Madawa ce. Gwaggo ta ce za ta je ganin jikokinta, ni ma na bi su, na zauna a bayanta. Ta shiga kamar kullum, ta ja mayafi, ta fito da carbi, ta runtse ido. Ba tuƙin hawainiya ya yi ba, kada a ɗora masa abin da bai yi ba, mota tana tafiya sosai. Sai dai ba ya fita sai ya ga gabansa, kuma yana shiga kwana kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Wajen gangaren nan abokin tserensa ya taho daga baya da oda, ya wuce mu, yaransa na ɗaga mana hannu. Na dubi taubashina ta madubi, ko gira bai ɗaga ba.

Can gaba kaɗan na lura carbin Gwaggo ya daina motsi. Na leƙa. Ya zame kan cinyarta, kanta ya jingina da gilas, bakinta a ɗan buɗe, ƙafafunta biyu a naɗe ƙarƙashin kujera. Wani fasinja a baya ya ɗaga murya zai fara ƙorafin an wuce mu, taubashina ya ɗaga hannu ɗaya.

“A hankali,” ya ce. “Inna na kwana.”

Motoci da yawa sun riga mu shiga tasha ranar nan. Fasinjoji suka sauka, ni na hau sama na kwance musu kaya. Shi bai fito ba, bai kuma kashe injin ba don kada shirun ya tashe ta. Yana zaune riƙe da sitiyari har ta farka da kanta, ta dubi waje, ta tambaye shi ko har mun iso.