Ni ne cikon na uku

Shekarun baya, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Lafiya, na yi wata wauta da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Mahaifiyata fura take sayarwa, kuma fiye da shekara ashirin matan Fulani daga rugagen wajen Kwandere ne ke kawo mata nono har gida. Babbarsu wata dattijuwa ce da muke kira Inna. A hannunta na girma, kusan a ce.

Sai wani abokina, wanda ke kula da sayayya a wani ƙaramin kamfanin yogot, ya zo mini da takarda. Kamfanin na neman mai kawo madara kullum da safe, kuma duk mai so sai ya rubuto yadda zai yi aikin: daga ina, ta wace hanya, ƙarfe nawa. Furofozal suke ce masa. Ya ce, "Ka rubuta mai kyau, kai ka san mutanen nan. Ni ina ciki, kada ka damu."

Ni kuwa da kaina ya kumbura, na ari babur na yi mako biyu ina zaga rugage. Na zauna da Inna, ta tara mini matan, domin a ruga madara ta mata ce, namiji ba ya sa baki. Suka yarda za su riƙa sayar mini da madara saboda mahaifiyata. Na rubuta kowace ruga da hanyarta, har da inda ake tsallake rafi idan damina ta yi ƙarfi. Na kai shagon buga takardu aka yi mini bango mai sheƙi, ina tafe ina jin kaina babban ɗan kwangila.

Na miƙa, aka yi shiru. Bayan wata guda na koma ofishin. Sakatariyar, wata 'yar ƙabilar Eggon mai kirki, ta dube ni da tausayi. "Oga, takarda naka ya fi duka kyau. Amma aikin an ba ƙanin matar manaja tun kafin ka kawo. Doka ya ce sai mutum uku sun rubuta, su biyu ne, shi ya sa aka nemo ka."

Wato ni cikon lissafi ne. Wannan kaɗai ya isa ya ƙona mini rai, amma ashe da saura. Takardar tawa suka ɗauka suka ba mutumin, ya bi ta layi-layi. Ya shiga ruga da mota da jarkoki, bai ko yi sallama da matan ba, ya tsaya ciniki da maza. Da aka tambaye shi wa ya nuna masa hanya, sai ya zaro takardar ya nuna musu sunana a jiki.

Washegari Inna ba ta zo gidanmu ba. Jibi ma haka. Mako ya cika, mahaifiyata na dama fura da nonon kasuwa mai ruwa-ruwa, masu saye suna juyawa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi mini ciwo ke nan. Cewa kawai ta yi, "Ka tambaye su kafin ka sa gidajensu a takarda?"

Ban tambaya ba. Na ce musu zan riƙa sayen madara, ban ce zan miƙa hanyar gidajensu ga baƙi ba.

Na sami abokina na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ko kunya bai ji ba. Wai haka ake yi ko'ina, kuma tunda matan sun ƙi mutumin, in raka shi in gabatar da shi, za a sa mini wani abu. Na ce ya tashi daga gabana. Daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Sai da mahaifiyata ta hau bayan babur da kanta, da ciwon gwiwarta, muka je rugar. Na durƙusa na ba da haƙuri. Inna ta ce, "Uwarka za mu ci gaba da kai mata. Kai dai ka daina zuwa da biro."

Yanzu duk wanda ya ce in rubuto masa yadda zan yi aiki, ina rubutawa, domin tsarin ba shi da laifi idan masu shi na tsoron Allah. Amma nakan fara tambayar mu nawa ne, kuma abin da aka ba ni amana ba ya hawa takarda. Inna ta ci gaba da zuwa gidanmu har ƙarfinta ya ƙare, tana amsa gaisuwata lafiya lau, amma duk lokacin da na tarar da ita tana hira, sai ta katse maganar.